Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan kwangila da injiniyoyin dogayen benaye a Abuja: ku sa wa gandola matokari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe yallaɓai injiniyoyi, da iyayen gidanmu 'yan kwangila manya da ƙanana, da su oga foman da ke tsaye a kanmu a sayit, da masu gine-ginen su kansu in har Allah ya sa rubutun nan ya iso gare su, ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara buɗi ya sa a gama lafiya.

Ni mai fenti ne, shekarata 19 a sana'ar nan, 12 daga ciki a nan Abuja na yi su, a Mararaba nake kwana in yi sammako in shigo gari kamar sauran 'yan uwana. Ba ni da muƙami a wata ƙungiya kuma ba wanda ya zaɓe ni, amma maganar da zan yi ba tawa ba ce ni kaɗai, mun jima muna tauna ta a teburin mai shayi da masu fenti da masu filasta da masu sikiridin da masu ɗaura gilashi da alminiyam, har da yaran nan masu wanke gilashin benaye, wato dai duk wanda ake zuro shi daga saman bene a kan gandola kamar guga a rijiya. Suka ce tunda ni na ɗan iya riƙe waya in yi rubutu to in rubuta, in akwai kuskure a ciki nawa ne, ku yi haƙuri da hausar lebura.

Saboda wanda bai taɓa shiga sayit ba bari in ɗan warware. Sikafol, wato abin da ake takawa a yi aiki a jikin dogon bango, iri biyu ne, akwai wanda ake kafowa daga ƙasa da fayif ko gora, akwai kuma wanda ake ratayowa daga sama da igiyar waya, shi ne gandola, mu a tsakaninmu lilo muke ce mata. Da zarar bene ya yi tsawo sosai, ko kuma an riga an gama shi an shimfiɗa intalokin an shuka furanni a ƙasa ana so a sabunta masa fenti, ba mai yarda a zo a kafa masa fayif tun daga ƙasa har sama, sai a ce a kawo gandola. Ba mu ƙi ba, gandola in an haɗa ta yadda ya kamata tana da sauri kuma tana da daɗin aiki.

Abin da ya sa na ɗauki waya ƙaramin abu ne, in ka gan shi yashe a ƙasa sai ka ɗauka ragowar ƙarfen mai walda ne. Wasu a sayit biraket suke ce masa, ni matokari nake ce masa don aikinsa ke nan. Wuri biyu ake sa shi. Akwai na sama a bakin farafet, wato ɗan gajeren bangon nan da ke kewaye bakin rufi, wanda ke tura ƙugiya ko bim, dogon ƙarfen da igiya ke rataye a jikinsa, ya fito waje, yadda igiyar za ta sauko ba tare da ta gogi bakin kankare ba. Akwai kuma na jikin gandolar kanta, hannuwa biyu na ƙarfe da ke miƙewa wajen bango kowanne da tayar roba a bakinsa, su ke dafa bango a madadin mutum. In an saita na saman daidai igiyar kan ɗan karkato ciki kaɗan, sai nauyin gandolar da kansa ya riƙa danna tayoyin nan a jikin bango, ba za ta matso ta buge shi ba, ba kuma za ta ja baya ta bar maka rami a gaban ƙafa ba, kana hawa tana gangarawa a jikin bango kana sauka haka, tazarar da ke tsakaninka da aikinka ɗaya ce tun daga hawa na 12 har ƙasa. Shi ke nan fa abin, angul ayan ne da noti da taya biyu.

Ƙorafinmu na farko, kuma shi ne uwar sauran, a yawancin sayit ɗin da muke shiga babu wannan ƙarfe, inda kuwa babu shi to jikin ma'aikaci ne matokarin. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa yara lilo a reshen bishiya ya san gwargwadon tsawon igiya gwargwadon nisan da lilo zai je. In kana can sama kusa da farafet igiya gajeriya ce gandola na tsaye kamar a ƙasa kake, amma kowane hawa kusan mita 3 ne, ka sauko hawa goma ka ga igiyar mita 30 ke nan a kanka, a nan ko atishawa ka yi mai ƙarfi sai ta motsa. Ka danna rola a bango, gandola ta yi baya. Ka miƙa hannu ka bi bangon, ta ƙara yin baya, sai ka tsinci kanka rabin jikinka a waje kana kallon rufin motocin da aka faka a ƙasa ta tsakanin ƙafafunka. Mu masu fenti ma da sauƙi, ku tambayi masu ɗaura alminiyam da ke huda kankare da diril, mutum sai ya sa ƙarfin ƙirjinsa duka kafin bakin diril ya shiga, to me zai jingina da shi alhali abin da yake tsaye a kai gudu yake yi daga bangon? Dabarar da muka saba ita ce mutum biyu a kan gandola, ɗaya na aiki ɗaya ya kama bakin taga ko ƙarfen esi da hannu biyu ya riƙe, in kuma ta taho da ƙarfi ya sa ƙafa ya tokare. Yallaɓai ɗan kwangila ka lissafa da kanka, kuɗin yinin mutum guda kake biya kullum don ya yi aikin da ƙarfe zai yi, kuma fentin ma ba ya fita da kyau, shi ya sa in rana ta haska bangon da yamma kake ganin layi layi kana cewa ba mu iya aiki ba.

Makonni biyar da suka wuce, ranar wata Talata bayan la'asar, muna aiki a wani bene mai hawa 11 da ba zan kama sunan mai shi ko kamfanin ba. Ɗan yayata ne a kan gandola shi da wani abokin aikinmu a daidai hawa na 7, yaro ɗan shekara 22, ni na ɗauko shi daga gida don ya koyi sana'a, ni kuma ina ciki ta tagar hawa na 8 ina zuro musu bokitin fenti. Hadari ya haɗo daga gabas irin na farkon daminar Abuja, wanda kafin ka ce a sauko iska ta riga ta iso. Iskar ta shiga tsakanin bango da gandola ta tura ta waje fiye da mita guda, na ga bokitin ya kife fenti na zuba ƙasa kamar farin zare, sannan ta juyo ta nufo bangon, kuma daidai wurin gilashi ne babba. To da ma kullum da safe foman sai ya ja mana kunne cewa duk wanda ya fasa gilashi shi zai biya, kuma mun san kuɗin guda ɗaya ya fi abin da yaron zai samu a wata. Sai ya sa hannunsa na hagu tsakanin ƙarfen gandola da firam ɗin tagar. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara ce, bai ma yi ihu ba a lokacin, ya dai ɗago kai ya kalle ni ya ce kawu, shi ke nan abin da ya ce. Yatsu uku suka murƙushe, a asibiti aka ceto biyu, na tsakiya aka cire shi. Gilashin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, kuma wallahi da foman ya hau, gilashin ya fara shafawa kafin ya dubi hannun.

Washegari da muka zo sai muka tarar an yanka tsohuwar tayar mota biyu an ɗaure a gaban gandolar da waya, an ƙara da guntun soson katifa. Wato an gane akwai matsala, amma matsalar da aka gane ta gilashi ce. Tayar da aka ɗaure tana rage ƙarfin bugu, ba ta hana gandola tafiya ba ta hana ta dawowa, hannun mutum na gaba ma in ya shiga wurin haka za ta yi masa.

Na biyu, don Allah yallaɓai injiniya ka daure ka riƙa hawa rufin nan da ƙafarka ka ga abin da ranmu ke rataye a jiki, kar ka tsaya a ƙasa kana ɗaga kai da hular kwano fara. Abin da za ka tarar a wurare da yawa shi ne fayif biyu ko katako an ɗora a kan farafet, an danne bayansu da abin da aka samu, bulo ne, buhun yashi ne, jarkokin ruwa ne. Bulo birkiloli kan zo su ɗebe in nasu ya ƙare, don su a ganinsu bulo ne aka ajiye ba su san akwai mutum biyu a ɗaya bakin ba. Buhun yashi rana ta ci shi ya fashe yashin ya tsiyaye a hankali ba wanda ya lura. Jarka kuwa na taɓa hawa na tarar da wani bawan Allah ya karkata ɗaya yana alwala da ita, da zuciya ɗaya, bai san nauyin ruwan nan ne ke riƙe da abokaina ba, ban ma iya yi masa faɗa ba don ba laifinsa ba ne. Igiyar da ya kamata ta ɗaure bim ɗin ta baya a jikin fila ko wani abu mai ƙarfi na ginin sai ka ga an ɗaure ta a ƙafar tankin ruwa ko a fayif ɗin famfo. Kuma da yake babu matokarin sama, igiyar wayar na kwance a kan bakin kankare tana goga, kowane motsi na gandola zarto ne, sai a cusa kwali ko tsohon silifas a ƙarƙashinta a ce an gyara. Bayan sati biyu ka shafa wurin ka ji silin wayar sun mimmiƙe kamar ƙayar bushiya, in ka nuna sai a ce ai da sauranta.

Na uku ba a cika maganarsa ba don sai wanda ya hau ya san shi. Bangon bene ba sumul yake ba, akwai bakin taga da ya fito, akwai kwalliyar kankare da masu zane ke so, akwai ƙarfen esi, akwai fitila. Gandolar da ke jan ciki a jikin bango in tana hawa sai bakinta ya shiga ƙarƙashin ɗaya daga cikin waɗannan ya maƙale, winci kuma, wato injin da ke jan igiyar, bai san an maƙale ba ja kawai yake yi, sai gefe guda ya tsaya ɗayan ya ci gaba, gandola ta karkace kaya su gangaro kanka, igiya kuma ta ɗauki nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Saukowa ma ta fi muni, gindinta ya zauna a kan bakin taga ba ka sani ba kana ta sakin igiya, igiya ta yi sako-sako, sai ta zame ta faɗa gaba ɗaya ta fizgi igiyar. Wannan fizgar ce ke tsinka igiyar da ta riga ta ci bakin farafet, ita ce kuma ke ɗaga fayif ɗin da aka danne da bulo shida. Matokari mai isasshen tsawo shi ke sa gandola ta wuce waɗannan abubuwa daga nesa ba ta taɓa su ba.

Na huɗu gajere ne. Ana ba mu belet ɗin ɗaure jiki don kar mu faɗo a wasu wurare, mun gode, amma sai a ce mu maƙala shi a jikin gandolar. To in gandolar ce ta tafi fa? Belet ɗin zai tabbatar mun tafi tare ke nan. Kowane mutum igiyarsa daban ya kamata a zuro masa daga sama, ɗaure a wurin da ba ruwansa da inda gandola ke rataye.

Na biyar shi ne abin da ke biyo baya in tsautsayin ya faɗa. A kai ka asibiti a biya kuɗin ranar farko, a damƙa maka wani abu a ambulan a ce ka je gida ka huta, sai kuma lambar waya ta daina shiga. Babban ɗan kwangila ya ce shi bai san ka ba ƙaramin ɗan kwangila ne ya kawo ka, ƙaramin ya ce shi jinga ya ba ogan masu fenti, ogan masu fenti kuma talaka ne irinka. Alhali akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da asusunta, ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, kuma ba ma'aikacin dindindin kaɗai ta rufe ba, har da na wucin gadi da ɗan koyo. Mu da yawanmu ba mu ma san da ita ba sai da abin ya faru wani mai ilimi a unguwarmu ya karanta mana. Ɗan yayata yanzu yana gida, yayata ba ta ce mini komai ba, kuma rashin cewar ya fi mini ciwo, don ni na je har ɗakinta na ce ta ba ni shi.

Kar a ce mafarki muke yi ko muna neman abin da babu shi a duniya. Shekarun baya na yi wata takwas da wani kamfanin waje da ya zo da gandolarsa, a nan na fara ganin matokari da idona, kuma jami'in tsaron lafiyarsu kullum da safe sai ya tara mu ya maimaita mana ƙa'idojin hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ana fassara mana har muka haddace. Igiyar da gandola ke rataye a jiki dole ta iya ɗaukar ninki 6 na nauyin da za a ɗora mata. Nauyin da ke danne bim a sama dole ya iya riƙe ninki 4, kuma an hana yin sa da yashi ko tsakuwa ko duk abin da zai iya tsiyayewa, an hana yin sa da kayan gini irin su bulo, nauyi ne na musamman da ake ɗaure shi a jikin bim yadda ba mai ɗauka. An hana ɗaure igiyar baya a fayif ɗin ruwa ko na wayar lantarki. Tazarar da ke tsakanin bakin dandamalin da bango kar ta wuce inci 14, kusan santimita 36, sai in an sa kariya a gaban ko mutum na ɗaure, masu filasta an ɗan ƙara musu zuwa inci 18. Gandola dole a ɗaure ta ko a tokare ta yadda ba za ta yi lilo ba in wanda ya san aikin ya duba ya ga akwai bukata, kuma kafin kowane shif sai an bi igiya an duba. Wata takwas ɗin nan ba wanda ya riƙe bakin taga da hannu, mutum biyu a kan gandola duka biyun aiki suke yi, kuma gefen bene da muke yi a kwana goma a wasu wurare a can ba ma kaiwa haka. Na san mu ba Amurka ba ne, amma iska ɗaya ce, nauyi ɗaya ne, ƙashin yatsa ma ɗaya ne.

Kuma don kar a ce na ɗora muku laifi duka, mu ma muna da namu. Na sha ganin abokan aiki sun kwance belet don wai yana hana su sauri, tunda jinga ce kowa so yake ya gama ya karɓi kuɗinsa. Na san in aka kawo matokarin ma za a samu wanda zai kwance taya don ya kai burushi wani lungu ya manta bai mayar ba. Akwai kuma maganar da muke rufe bakin juna da ita, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ba ya wucewa, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, mu kuwa mun saki raƙumin mun kuma hau bayansa a hawa na 7. Wannan gyaran namu ne, mun ɗauka, za mu yi wa junanmu faɗa. Sai dai lebura ba shi ke sayen ƙarfe ba, ba shi ke sa hannu a takarda ba, kuma in ya ce ba zai hau ba akwai mutum goma a bakin geti da za su hau kafin azahar, kun san haka mun san haka.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku sa kuɗin matokari da bim da ƙarfen dannewa da igiyar kowane mutum a cikin takardar kiyasin kuɗin aiki, da layinsu daban da sunansu, kamar yadda ake rubuta siminti da rodi. Muddin aka dunƙule shi aka ce wa ƙaramin ɗan kwangila ya ji da sikafol a cikin kuɗinsa, to a nan zai nemi ribarsa, araha kuwa ba ta ado. In hayar gandola za ku yi, kar ku karɓe ta sai da tayoyinta a jiki, don da yawa tare suke zuwa daga kamfanin da ya ƙera su, a hanya ne ake kwancewa a jefar in sun lalace ba a sake sayen wasu.

In kuma a nan gida za a ƙera, muna da masu walda da suka iya aiki kuma ƙarfe na nan a kasuwar Dei-Dei, amma don Allah kar a aiki yaro ya je ya kwatanta wa mai walda da hannu. Injiniya ya zana, ya faɗi kaurin ƙarfen da tsawon hannun gwargwadon yadda kwalliyar bangon ta fito, ya faɗi girman noti, ya sa hannu. Matokarin da aka ɗiga masa walda sau biyu ya fi rashinsa haɗari, don za ka amince masa ka saki jiki, ranar da ya ɓalle kuma kan wani zai faɗa a ƙasa. Bayan an ɗaura a gwada gandolar da nauyi tana kusa da ƙasa kafin a ɗora ɗan adam.

A sa mutum guda wanda kowa ya san shi da suna, shi zai hau rufi kowace safiya ya duba bim da nauyi da igiya ya rubuta, kuma a kulle ƙofar rufin ko a kewaye wurin don kar mai neman bulo ko ruwa ya isa. Sannan ku faɗa da bakinku a gaban kowa cewa in hadari ya taso ko iskar hunturu ta yi ƙarfi, wanda ke kan gandola shi ke da ikon cewa a sauko, ba sai an jira oga ya dawo daga cin abinci ba, kuma ba za a yanke masa kuɗin yini ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, iskar da ake ji a hawa na 9 ba ita ake ji a ƙasa gindin kwantenar ofis ba.

Ku janye maganar wanda ya fasa gilashi shi zai biya, a duk inda ba ku sa matokari ba. Wannan maganar ce ta sa yaron nan ya miƙa hannu.

Ku masu zanen gini da masu gine-ginen, duk benen da kuka gina za a sake masa fenti, za a wanke gilashinsa, za a canza esi, shekara da shekaru bayan kun karɓi makulli. Ku bar mana zobban ƙarfe a rufi da aka dasa cikin kankare tun ana zuba shi, da wasu a jikin bango da za a riƙa ɗaure gandola in ta sauko, a ƙa'idar Amurka ta irin waɗannan benaye duk hawa uku ake sa su ko ƙafa 50, wanda ya fi kusa. Lokacin gini kuɗinsu ba komai ba ne, bayan an gama kuwa ba mai yarda a huda masa bango.

Ku yi wa duk wanda zai hau gandola rajista a asusun diyya ko da aikin sati biyu zai yi, kuma babban ɗan kwangila ya tabbatar ƙaramin ya yi kafin ya biya shi.

Muna kuma miƙa kokon bara ga COREN da ke kula da injiniyoyi, da CORBON ta magina, da sashen kula da lafiyar ma'aikata na ma'aikatar ƙwadago, da ITF mai horar da masu sana'a, a taimaka a fitar da 'yar takarda ko gajeren bidiyo da Hausa da Pidgin mai hotuna, a nuna yadda gandolar kirki take daga rufi har taya, a riƙa mannawa a geti, don yaron da ya zo daga ƙauye jiya ya san abin da zai duba kafin ya ɗaga ƙafa. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 mutum fiye da 40 suka rasu, duk ƙasar nan ta ji an kuma yi bincike, haka ya kamata. Namu ɗaiɗai yake zuwa, yatsa yau ƙafa gobe, wani lokaci gawa guda a bayan motar ɗaukar kaya an nufi Kano ko Katsina da ita cikin dare, ba ya shiga labarai.

Benen da nake magana a kai har yanzu saura gefen yamma ba a yi masa fenti ba, an aiko mu koma ranar Litinin. Mu shida mun yi shawara za mu je da kayan aikinmu da sassafe kamar kullum, za mu hau rufi mu duba, za mu sauko mu dubi gaban gandolar, in mun ga hannuwan ƙarfe da tayoyi za mu hau mu gama muku aikinku yadda za ku ji daɗinsa, in kuma tayar motar nan ce da soson katifa har yanzu, za mu zauna a gindin geti mu jira injiniya ya iso mu yi magana da shi.

Wassalamu alaikum.

Naku mai fenti daga Mararaba, a madadin 'yan uwansa masu hawa lilo.